Harajin kwana: baƙo ke biya, ko mai gida?

Ƴan kasuwa, da ku iyayenmu mata masu biyan tikitin kasuwa kullum safiya, yau zancen wani lanho na ƙasar Faransa na kawo muku. Kada ku ce ina ruwanmu, domin lissafin da ke cikinsa ku ne malamansa.

A Faransa akwai abin da ake kira harajin kwana. Tun shekarar 1910 doka ta ba garuruwan shaƙatawa izinin karɓar ƴan kuɗi daga hannun baƙo a kan kowane daren da ya kwana, don a gyara gari da su. Da can otel-otel abin ya fi shafa. Sai ga kamfanin Airbnb, wanda aka kafa a Amurka a 2008, ya buɗe wa mai gida hanyar ba da hayar ɗakinsa na kwana biyu ko uku ta intanet. A watan Oktoba na 2015 kamfanin ya fara karɓar wannan haraji a madadin hukumar birnin Paris: santim 83 na Yuro ga kowane mutum a dare, wato kusan sefa 545, dala ɗari da tara. Daga Janairu na 2019 doka ta tilasta wa duk kamfanonin da kuɗin haya ke bi ta hannunsu su cire harajin su kai baitulmalin gari.

Tun daga lokacin, ɗakin da ba a ba shi tauraro irin na otel ba, ana yanka masa kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin kwana, kuma Paris ta zaɓi kashi 5. A kan wannan aka yi ta ɗora ƙari, har a Janairu na 2024 aka ƙara ninki biyu na asalin harajin don hukumar sufurin yankin. Mu yi lissafi. Ɗakin Yuro 100 a dare, wajen jika 65 da rabi, manya biyu suka sauka. A 2023 harajinsu Yuro 6 da kwata ne, jika 4 da ƴan kai. A 2024 ya koma Yuro 16 da kwata, sama da jika 10 da rabi. Ɗaki bai canza ba, gado bai canza ba.

Hukuma na cewa mai gida ya kwantar da hankalinsa, ai baƙo ke biya. A takarda haka ne. Amma ki tambayi kanki, ke mai sai da gero: in aka ƙara miki kuɗin rumfa, kullum kike iya ɗora shi a kan tiya? Ranar da kasuwa ta cika, gero ya yi wuya, mai saye zai biya ko yana gunaguni. Ranar da kasuwa ta mutu, ke za ki haɗiye ƙarin, in ba haka ba ya wuce rumfar gaba. Haka abin yake ga mai ɗaki. Baƙo ba ya duba nawa ne na gida, nawa ne na gwamnati. Jimla yake kallo. Lokacin cikar gari baƙo ke ɗaukar nauyin. Lokacin sanyi, da ɗakuna suka fi baƙi yawa, mai gida ke rage farashi, harajin ya fita daga ribarsa. Baƙo raɓa ne, gari na wayewa ya tafi. Mai gida ba shi da inda za shi.

Kuma nauyin ba ɗaya ba ne ga kowa. Mai gidaje ashirin yana da akawu, yana iya jure wata biyu babu ciniki. Tsohuwar da ke ba da ɗakin ɗanta don cike kuɗin fansho, dare uku da ta rasa a wata sun isa su taɓa tukunyarta.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a soke shi. Baƙo yana shan ruwan gari, yana hawa jirgin ƙasa, yana barin shara. Ba adalci ba ne a bar wa ƴan gari kuɗin gyara su kaɗai. Abin da ke kashe ɗan kasuwa shi ne ya biya, maƙwabcinsa bai biya ba, ya karya farashi. A nan Faransa ta yi dabara: tun da kamfani ke cirewa lokacin biya, ba a jan ciniki da mai karɓa, ba a kuma duba fuska.

Mu ma a Yamai gidajen haya masu kujeru da gado, waɗanda ake bayarwa da kwana, ba baƙon abu ba ne yanzu, kuma daga cikinku akwai masu zuba ribar kasuwa a irin wannan gini. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk magajin garin da zai waiwayi waɗannan gidaje, abu uku muke roƙo. Kuɗin ya zama kaɗan, sananne, kada a wayi gari an ninka shi. Kowa ya biya, mai bene da mai ɗaki ɗaya, da resi a hannu. Sannan a faɗa wa jama'a nawa aka tara, wane kwalbati aka gyara da shi. Mai gida kuma ya saka harajin cikin lissafinsa tun kafin ya aza tubali, don rabonsa na biya yana nan yana jiransa.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.