Kafin ki sa gwangwanin barkono cikin jaka

Duk wadda ta taɓa tasowa daga aiki ko lakwal bayan isha'i, an ɗauke kuran, lungu ya yi duhu, sannan ta ji ƙarar moto a bayanta, ta san abin da ya sa ake ta maganar feshin barkono. Fizgen jaka da ƙwacen waya ba baƙon labari ba ne a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Ƴan kabu-kabu masu aikin dare su ma sun san wannan fargaba. Mu dai ba ma ganin laifin wanda ya nemi abin kare kansa. Amma a saya da sani.

Da farko, gwangwani iri biyu ne, kuma masu sayarwa kan haɗa su da suna ɗaya. Akwai mai ɗauke da harufan CS, wato barkonon tsohuwa irin na ƴan sanda, wanda ba ya cika kama wanda ya bugu ko ya sha ƙwaya, haka ma kare. Akwai kuma mai harufan OC, wanda aka tatso daga barkono na gaske. Shi ne ke kumbura ido ya rufe shi dole, ya sa tari, zafinsa kuma kan kai minti 30 zuwa 45. Don yawon yau da kullum, OC ya fi.

Na biyu, a duba yadda yake fita. Mai bazuwa kamar hayaƙi ba ya buƙatar saiti, amma a iskar hunturu fuskarki zai dawo, a cikin taksi kuwa kowa zai shaƙa har da ke. Mai fita tsiri ɗaya, ko mai kauri kamar man kitso, ya fi jure iska kuma yana kai mita 3 ko fiye, sai dai yana son saiti. A ƙasar iska da ƙura irin tamu, shi muka fi ba da shawara.

Na uku, zafin rana. Irin wannan gwangwani ba a son ya wuce digiri 50, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu ana kai 45 a inuwa. Wanda ya bar nasa ƙarƙashin sirdin moto ko cikin mota a rana, kada ya yi mamaki in ya tsiyaye ko ya fashe. A duba ranar lalacewa, don yawanci shekara 2 zuwa 4 yake yi. Wanda ba shi da kwanan wata, ko sunan kamfani, ko makullin da ke hana shi fesa kansa cikin jaka, a bar wa mai shi kayansa ko da kyauta ya bayar.

Sai doka. Kada ku ɗauka abin da kuka gani a TikTok ya halatta ko'ina. A Faransa babba na iya sayen wanda bai wuce mililita 100 ba, amma yawo da shi sai da hujja. A Ingila kuwa haramtaccen makami ne. Kafin ka fitar da kuɗinka, leƙa komisariya mafi kusa ka tambaya. Tambayar ba ta cin ko dala.

Yanzu ga maganar da ta fi damun mu. Gwangwanin nan ƴan daƙiƙu kawai yake saya miki: ki fesa a fuska, ki yi ihu, ki ruga inda mutane suke, a kira 17. In an zare miki wuƙa don waya, ba da wayar. Ana sake sayen waya. Kuma abin da ke can ƙasan jaka ƙarƙashin caja da turare ba zai yi amfani ba, sai wanda ke hannu, wanda aka taɓa gwada shi sau ɗaya a fili, iska na bayanki.

Samari kuma, ku ji da kyau. Ranar da aka fesa shi a fada don gardamar ƙwallo, ko a wurin biki don kishin budurwa, ya tashi daga kariya ya koma cin zali, kuma mai asma na iya shiga mummunan hali. In ya taɓa wani, a fitar da shi iska, a yi ta zuba ruwa mai tsabta a ido, ban da murzawa, ban da shafa mai. In numfashi ya yi wuya, a kai shi likita nan take.

Daga ƙarshe, in yarinya sai da gwangwani za ta iya kaiwa gida, to akwai aikin da ba a yi ba. Fitilun kan titi, sintirin dare, da komisariyar da ke karɓar ƙarar mace ba tare da tambayar me ya fitar da ita ba, duka haƙƙinmu ne. Ku lissafa lungunan unguwarku da ba su da fitila, ku kai wa mai unguwa da magajin gari a rubuce, ku riƙe kwafi. In an yi shiru, a koma.