Kada mu ba ɗan gwangwan tsohuwar kwamfutarmu



A gidajenmu da yawa akwai tsohuwar kwamfuta da aka tura ƙarƙashin gado. Wata ta Baba ce, wata ta Yaya ce da ya gama makaranta. Idan muka tambaya sai a ce ai ta tsufa, nauyi gare ta. Ranar da ɗan gwangwan ya zo kuma, sai a ba shi ita a kan kuɗi kaɗan. Mu 'yan ƙungiyar jarida muna ganin wannan asara ce, domin za ta iya zama na'urar kallo da saurare ta gida gaba ɗaya.

Gaskiya ne ba ta iya intanet na yanzu. Shafukan sun yi mata nauyi, kuma kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP tun 2014, Windows 7 kuma a Janairun 2020, saboda haka shiga intanet da su akwai haɗari. Amma kunna bidiyon da aka riga aka ajiye a cikinta ba aiki ne mai wuya a gare ta ba.

Ga yadda ake yi. A goge tarkacen da ba a buƙata, a cire ta daga intanet, a sa mata manhajar VLC wadda kyauta ce. Sai a haɗa ta da talabijin. Wayar HDMI tana ɗaukar hoto da sauti tare. Idan kuwa ramin VGA kawai gare ta, wato mai shuɗin kai, to hoto kaɗai yake kaiwa, sai a ja wata waya daga ramin abin saurare zuwa lasifika. Kada a ɗora mata bidiyon 4K, zai riƙa tsayawa. Na 480p ko 720p ya ishe ta.

Me ya sa muka damu? Mu ne muke rigima da ƙannenmu a kan wayar Umma kowane dare. Mutum biyar a kan ɗan ƙaramin allo, Kaka kuma ba ta ganin komai. Da tsohuwar kwamfuta, darasin lissafi ko na kimiyya da aka sauke sau ɗaya za mu kalle shi sau goma ba tare da an sake sayen data ba. Bidiyon bikin Anti ma kowa zai gani yana zaune a kan tabarma.

Wasu iyaye za su ce kallo zai hana mu karatu. Tsoronsu yana kan hanya. Amma wayar da yaro ya shiga ɗaki da ita ba wanda ya san abin da yake kallo. Kwamfutar falo kuwa a gaban kowa take, kuma abin da Baba ya yarda da shi kaɗai za a zuba a ciki. A sa lokaci: sai an gama aikin gida. Wasu kuma za su ce babu wuta. Haka ne, ta fi waya cin wuta, amma duk lokacin da talabijin ta kama, ita ma za ta kama, ko da batirinta ya mutu.

Akwai kuma batun lafiya. Sau da yawa ƙona wayoyin irin waɗannan kaya ake yi don a cire tagulla, kuma a jikin allunansu akwai dalma. Hayaƙin nan mu ne muke shaƙa a unguwa.

Roƙonmu ga malaman kwamfuta shi ne su ware rana ɗaya bayan an tashi, su nuna mana wannan haɗi da hannu. Ku kuma 'yan'uwa, ku nemi izinin Baba kafin ku taɓa, kada wanda ya buɗe cikinta ko ya yi wasa da soket. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Yau idan mun koma gida, mu leƙa ƙarƙashin gado.