Mai Ɗaura Jinga Bai Rasa Tawakkali Ba: Waiwaye A Kan Kullen Korona A Haɗejiya

   

Ya 'yan'uwana matasa, akwai wata magana da ta samu gindin zama a bakunanmu, a majalisu da teburin mai shayi da kuma shafukan intanet, har ta kai yanzu ana faɗinta kamar karatun da aka gama bita, wato wai korona ƙarya ce, kasuwanci ne kawai gwamnoni suka yi da ita, kuma wai waɗanda suka bijire wa dokar kulle a shekarar 2020 su ne masu imani na gaskiya. Duk wanda ya ce a'a, sai a dube shi da idon ɗan boko mai raunin tauhidi. To ni dai ina cikin masu cewa a'a, kuma hujjata ba daga Turai zan ɗauko ta ba, daga bakin kogin Haɗejiya zan ɗauko ta.

Mu fara tuna yadda abin ya zo, domin mantuwa ita ce abincin jita-jita. A ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijeriya, a Legas. Ranar 30 ga Maris aka rufe Legas da Abuja, Ogun ta biyo baya bayan 'yan kwanaki, a tsakiyar Afrilu aka rufe Kano, kafin watan ya ƙare cutar ta ɓulla a Jigawa, gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ta shiga rufe garuruwan da aka samu masu ita. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, a tsakiyar zafin bazara, babu taron tafsiri, babu tarawihi a jam'i kamar yadda aka saba. Sai kuma a farkon watan Mayu jaridun ƙasar nan suka ɗauki labarin mutuwar mutane kimanin ɗari a garin Haɗejiya cikin 'yan kwanaki, mafi yawansu dattawa, har gwamnatin jiha ta tura kwamiti ya bincika.

A nan ne gardama ta kaure. Wasu suka ce korona ce, wasu suka rantse cewa ciwon suga ne da hawan jini da zazzaɓin cizon sauro da tsananin zafi. Ɗan'uwa, ɗauki wadda ka ga dama a ciki, ba za ta wanke mu ba. Da farko dai maganganun biyu ba kishiyoyin juna ba ne, domin likitoci a duk duniya sun tabbatar cewa korona ta fi yin ɓarna a jikin tsoho da mai suga da mai hawan jini. A Kano, inda aka yi irin wannan mace-mace a watan Afrilu, Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa an ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa korona ce sanadinsu. Tsakanin Kano da Haɗejiya kuwa mota ba ta yanke ba ko a ranakun da aka ce an rufe hanya, kowa ya san yadda ake ba da na goro a shinge a wuce. In kuma ka dage cewa ba ita ba ce, to me ya hana waɗannan dattawa zuwa asibiti? Tsoro ne ya hana su. Mu ne muka cika musu kunne da cewa duk wanda ya je asibiti da tari za a rubuta shi a jerin masu korona don a karɓo kuɗi da sunansa, a killace shi, in ya mutu a hana iyalansa gawa. Sai tsoho ya gwammace ya kwanta a ɗaki da jiƙo har rai ya yi halinsa. Wanda ya tura wannan saƙo a WhatsApp ba tare da ya bincika ba, yana da kaso a cikin abin da saƙon ya haifar, ko ya sani ko bai sani ba. Aya ta shida a Suratul Hujurat, wadda ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, ba ta keɓe labarin da ya zo ta wayar hannu ba.

Yanzu ga hujjar da na ce zan ɗauko daga bakin kogi. A damunar wannan shekara ta 2020, wata huɗu kacal bayan waccan gardama, ruwa ya taso wa ƙasar Haɗejiya. Ambaliya ta ci gonaki da gidaje a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri da sauransu, ta yi wa birnin kansa barazana. Me mutane suka yi? Shin an samu wanda ya miƙe a majalisa ya ce ruwa ƙarya ne, ko ya ce cika buhu da ƙasa rashin tawakkali ne? Ko kusa. Matasa suka fito da shebur da buhuna, dare da rana, ana ɗaura jinga ana toshe inda ta ɓalle, masu hali suna kawo buhu, mata suna aiko da abinci, malamai suna addu'a. Babu wanda ya ga saɓani tsakanin addu'ar da buhun. Haka aka sake yi a 2022. Kuma manomin fadama ya san cewa ruwan nan yana da sababi, ya san labarin madatsun Tiga da Challawa, ya san yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa ta karkatar da shi zuwa inda bai saba bi ba, amma saninsa da sababi bai taɓa fitar da shi daga imani da ƙaddara ba.

To don Allah mene ne bambancin buhun ƙasa da takunkumin fuska? Mene ne bambancin jinga da nisantar cunkoso? Bambancin ɗaya ne, shi ruwa ana ganinsa da ido, ita kuwa ƙwayar cuta ba a ganinta. Ke nan abin da muka kira tawakkali a watan Mayu, wanda muka jingine shi a watan Satumba, ƙin yarda ne kawai da abin da ido bai gani ba. Abin mamaki kuma wai a ce al'ummar da asalin addininta imani ne da gaibu ita ce za ta kafa hujja da cewa ban gani ba.

Magabata ba haka suka fahimci addini ba. A shekara ta 18 bayan Hijira annobar Amwas ta ɓarke a ƙasar Sham. Sayyidina Umar (RA) ya kama hanya da tawagarsa har ya kai Sarg, aka sanar da shi, ya yi shawara da Muhajirai da Ansar, ya yanke hukuncin komawa Madina. Da Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ita ma ƙaddara ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya samu kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora. Sannan Abdurrahman bin Auf (RA) ya iso da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take da kuma fita daga cikinsa. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito wannan. Annobar ta ɗauki Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal, Allah ya ƙara musu yarda, kuma malaman tarihi sun ambata cewa da jagoranci ya koma hannun Amru bin As (RA) sai ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu. Wa zai ce ya fi waɗannan tawakkali?

Batun masallaci shi ne ya fi ƙuna, kuma duk mai imani ya ji zafinsa. Ganin Ka'aba babu masu ɗawafi, da aikin Hajjin 2020 da aka taƙaita ga adadi ƙalilan daga mazauna Saudiyya, abu ne mai sa hawaye. Amma jin zafi daban, hukunci daban. Ibn Abbas (RA) ya sa ladaninsa ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu ranar Juma'a saboda ruwan sama da taɓo, da aka yi mamaki ya ce wanda ya fi shi ya aikata haka. An hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa kusantar masallaci don kada ya cutar da masallata da wari, wari fa kawai. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, akwai labarin matar da ke da kuturta wadda Sayyidina Umar ya gani tana ɗawafi ya ce ta zauna a gidanta kada ta cutar da mutane. Hafiz Ibn Hajar, wanda shi kansa ya binne 'ya'yansa a annoba, ya rubuta littafi sukutum a kanta mai suna Bazlul Ma'un, ya kuma ba da labarin yadda mutanen Alƙahira suka taru a fili don addu'a a shekara ta 833, bayan taron mace-mace suka ƙaru ninkin-ba-ninkin. Duk wannan yana cikin littattafanmu tun kafin a san da wata Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu jikokin Sarki Muhammadu Mai Shahada ne, wanda ya tsaya ya fuskanci Turawa a 1906, wannan abin alfahari ne, amma ƙwayar cuta ba ta da sansanin da za a kai wa hari, kuma wanda ya yi mata jarumta yakan kwaso ta ne ya kai wa kakarsa.

Kada masu mulki su karanta wannan su ɗauka na wanke su. Wallahi rabin laifin taurin kan talaka yana wuyansu. An kwafo kulle daga ƙasashen da ma'aikaci ke karɓar albashi yana zaune a gida, aka kife shi a kan mutanen da sai sun fita za su ci. Ka dubi masunci da mai bandar kifi, ka dubi manomin rani da ya kwashe tattasai da attarugu da tumatir, kayan gwari da ba sa jiran gobe, aka ce masa babu kasuwa, babu motar Kudu. Ka dubi ɗan dako da ɗan garuwa da ɗan acaɓa da bazawarar da ke suyar ƙosai don ciyar da marayu, kuma duk wannan a cikin azumi. An yi ta shelar tallafi a rediyo, amma gidaje nawa ya shiga? A watan Oktoba, da jama'a suka fasa rumbuna a Jos da Legas da wasu garuruwa, sai ga abincin tallafin korona jibge, watanni bayan an sha yunwar. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce a makonni biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta bin doka, adadin da ya zarce waɗanda cutar ta kashe zuwa lokacin. An hana talaka taro, sannan aka ga cunkoson manya a jana'izar Abba Kyari a Abuja. Almajirai kuwa, aka yi ta lodinsu a motoci daga jiha zuwa jiha kamar kaya, waɗanda aka kawo Jigawa aka tara su a sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Fanisau, gwaji ya nuna wasunsu na ɗauke da cutar. Hadisin da ya hana fita daga garin annoba, gwamnoni ne suka fara take shi.

Shi wancan Umar ɗin da ya juya daga Sarg, shi ne a shekarar yunwa ta Ramada ya haramta wa kansa nama da man shanu har launin jikinsa ya canja, ya aika wa gwamnoninsa su turo abinci, ya kafa tukwane yana ciyar da jama'a. Wanda zai ari hukuncinsa na rufe hanya, sai ya ari tukunyarsa. Ga kuma tsohon tabo, mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba, don haka zarginsu yana da tushe.

Amma ɗan'uwa, zaluncin gwamna ba ya mayar da cuta ƙarya. Ana iya satar kuɗin jinga, kuma ruwan ya zo da gaske. Matashi mai ilmi shi ne wanda zai iya riƙe maganar biyu a lokaci guda, ya tuhumi mai mulki a kan rumbun da ya kulle, ya kuma ɗauki mahaifinsa ya kai shi asibiti. Mu da Allah ya ba karatu da waya a hannu, mu ne ya kamata mu zama masu tace labari a gidajenmu, sai ga shi da yawanmu mun zama bututun da yake bi ya shiga.

Abin da ya sa na tono wannan magana bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona tun watan Mayun 2023, shi ne ɗabi'ar da muka koya ba ta tafi tare da cutar ba. A 2021 kwalara ta yi ɓarna a Jigawa, a 2023 sanƙarau ya taɓa jihar, mashaƙo kuma ya kashe yara a Kano da Yobe da maƙwabtansu, alhali rigakafinsa yana cikin allurar da ake yi wa jarirai kyauta a asibitin sha-ka-tafi. Har yanzu akwai gidajen da ake mayar da ma'aikaciyar rigakafi daga ƙofa, kuma in ka bincika za ka tarar wani ɗan gidan ne mai waya ya ce kada a yarda, ai mun ga yadda aka yi da korona. Ƙaninsa ɗan wata tara, wanda aka hana allurar, ba a yi shawara da shi ba.