Ba kowane "akirilik" ne ɗan uwan wani ba: zare kan tinar fentin feshi

1/ Masu haɗa ƙananan jirage, tankoki da motocin roba, da ku 'yan Gundam, ku matso kusa. Yau maganar tina ce, ruwan da ake tsinka fenti da shi kafin a zuba a ƙaramar bindigar feshi, wato eyaburosh. Matsayata: ka sayi tinar kamfanin da ya yi fentinka, ka bar haɗe-haɗen YouTube. Ga dalili 🧵

2/ Rikicin daga kalmar "akirilik" ya faro. Kalmar tana nufin ƙaron da ke riƙe launi ya manne a jikin roba ne kawai. Ba ta faɗa maka irin ruwan da ƙaron yake iyo a ciki ba. Kwalba biyu za su ce akirilik, amma abin da ke tsinka ɗaya shi ke kashe ɗayar.

3/ Gida uku ne. Na farko 'yan ruwa: Vallejo ta Sifen da ire-irenta. Na biyu 'yan alkohol: Tamiya ta Japan, ƙananan kwalaben nan masu lambar X da XF, da Aqueous na Mr. Hobby. Na uku 'yan lakka, masu warin nan da ke hawa kai: Mr. Color da AK Real Colors.

4/ Vallejo ce aka fi zalunta. Mutum ya ga wani ya tsinka Tamiya da alkohol ya yi kyau, sai ya zuba wa Vallejo. Nan take fentin ya tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da aka matsa wa lemun tsami. Gudajin nan ne zai bi ta bakin bindiga mai faɗin milimita 0.3 ko ƙasa da haka. To ta ina zai wuce? Daren ranar a kwance allura da wanki za ka ƙare, ba a fenti ba.

5/ Kuma ko cikin Vallejo akwai bambanci. Model Color mai kauri ne, don buroshi aka yi shi, yana son tina sosai. Model Air an riga an tsinka shi, ɗigo kaɗan ya ishe shi.

6/ Tamiya ita mai sauƙin kai ce. Tinarta X-20A. Ka lura da A ɗin nan fa. Akwai X-20 babu A, wannan ta fentin inamel ce, ba ruwanta da akirilik. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma mai sayarwa a intanet ba lallai ya san bambancin ba.

7/ Abin da ke ba sababbin shiga mamaki: Tamiya akirilik tana karɓar tinar lakka irin ta masu wannan sana'a, kamar Mr. Color Leveling Thinner, har ma ta fi kwantawa sumul da ita, don akwai sinadarin jinkirta bushewa a ciki. Amma Mr. Color kam ba ya karɓar ruwa ko kaɗan, lakka ce kawai abincinsa.

8/ Yanzu ga wadda ta fi damuna: tinar kasuwa, ta galan, wadda masu fentin mota da kafintoci ke amfani da ita. Na san tana da arha kuma ko'ina akwai. Amma don ƙarfe da katako aka yi ta. Robar da ake ƙera waɗannan jirage da ita polistarin ce, kuma tina mai zafi narka ta take yi. Ka fesa da yawa a wuri ɗaya, fuskar robar ta yamutse, siraran layukan da ka biya kuɗi dominsu su shafe. Wannan ba ya gyaruwa da wanki.

9/ 'Yan zanen gine-gine masu haɗa samfurin gida da farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firij ko talabijin, ku ma da ku nake. Ɗigo ɗaya ya huda shi.

10/ Na ji masu cewa, "Malam, kai da kake magana ka san nawa ake kawo X-20A?" Gaskiya ne, da tsada, kuma masu kawo kaya ta jirgin sama kan ƙi ɗaukar ruwa mai kama wuta. Ban raina wannan ba. Amma yi lissafi: kwalbar mililita 250 za ta tsinka ƙananan kwalaben fenti masu mililita 10 wajen ashirin. Shi kuma jirgin da ka yi makonni kana jira, ka biya da dala, feshi ɗaya ne zai lalata shi. Wanne ya fi tsada?

11/ In dai babu yadda za a yi, ga iyakar sassaucin da na yarda da shi. Tamiya: alkohol ɗin isofurofil yana yi, sai dai yana bushewa da wuri ƙwarai, dole ka ɗiga mai jinkirta bushewa. Vallejo: tataccen ruwa da ɗigon Flow Improver nasu. Ruwa zalla yana taruwa ƙwaya-ƙwaya a kan roba, kuma in ya yi yawa ƙaron ya yi rauni, fentin ya riƙa ɓarewa da farce.

12/ Tataccen ruwa na ce, ba na rijiyar burtsatse mai gartsi ba. Kuma in wajen masu batir za ka saya, ka tabbatar ruwa ne ba asid ba, don duka biyun "ruwan batir" ake ce musu.

13/ Ga abin da bidiyon Turawa ba zai faɗa maka ba. Mai bidiyon yana zaune a Ingila, iskarsa da laima. Kai kana Kano ko Maradi cikin hunturu, iska a bushe ƙayau. Fentin da ya fito daga bindiga sai ya bushe a hanya kafin ya sauka, ka shafa ka ji kamar sanfefa. Na biyu, ya daskare a kan tsinin allura, bindiga ta fara tofi. Shi ya sa haɗin alkohol zalla da ya yi masa aiki kai zai ba ka kunya. A hunturu ƙara mai jinkirta bushewa, ka matso da bindiga kusa, ka rage iska. Da damina kuma matsalar ta juya: ruwa ke taruwa a tiyon kwamfuresa, sai ka sa matarar ruwa.

14/ "Nawa zan zuba?" Babu lamba ɗaya. A Tamiya fara da rabi da rabi, iska tsakanin 15 zuwa 20 a ma'aunin psi. Abin da kake nema kaurin madarar da aka tatso yanzu, ba kindirmo ba. Ja ɗigo a bangon kofi: ya gangaro ya bar siririn launi, ya yi. In ya fito tsattsage, ya yi kauri. In ya baje da ƙafafu kamar gizo-gizo, ya yi ruwa ko iska ta yi yawa.

15/ Huhu kuma ba a sayo sabo. Tinar lakka a ɗakin da aka rufe taga saboda ƙura, ga kai na sarawa, wannan ganganci ne. Takunkumin yadi ba ya tare tururinta, sai mai matatar gawayi. Kar a fesa kusa da risho ko gas. Ko 'yan ruwan ma, da zarar sun zama feshi, ƙwayoyin fenti kake shaƙa.

16/ Kafin sabon haɗi ya shiga bindiga, gauraya ɗigo biyu a murfin kwalba ka ba shi minti biyar. Bai yi gudaji ba? Fesa a bayan cokalin roba, irin na shinkafar biki, ka bar shi ya kwana, da safe ka manna salatif ka ɓare. In fentin ya biyo salatif ɗin, canza tina ko ka fara sa firaima.