Raddi Ga Masu Cewa Ƙarin Jarin Bankuna Zalunci Ne

Tun da Babban Bankin Najeriya ya fitar da sanarwar 28 ga Maris 2024 ake ta yaɗa wata magana a rediyo da jaridu: wai an ɗora wa bankuna kayan da ya fi ƙarfinsu, kuma talaka ne zai ji a jikinsa. Sanarwar ta ce bankin kasuwanci mai lasisin ƙasa da ƙasa ya tara jarin naira biliyan 500, mai lasisin ƙasa baki ɗaya biliyan 200, na shiyya biliyan 50, bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa kuwa biliyan 20 ko 10 gwargwadon lasisinsa, aka kuma sa wa'adin 31 ga Maris 2026. Masu sukar ba jahilai ba ne, don haka maganarsu ta cancanci a auna ta. Da na auna, guntu ɗaya kawai na samu mai nauyi a cikinta.

Babbar hujjarsu ita ce jari kuɗi ne da za a kulle a taska, saboda haka bashin da manomi da ɗan kasuwa ke samu zai ragu. A nan sun cakuɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Akwai kason ajiyar jama'a da Babban Banki ke riƙewa a wurinsa, wanda a 2024 aka ɗaga shi daga kashi 32.5 cikin ɗari zuwa 45, sannan zuwa 50. Wannan lalle yana ɗaure wa banki hannu, kuma mai son yin ƙorafi a kansa yana da abin faɗa. Jarin masu hannun jari kuwa ba ya kwana a taska. Banki na ba da shi rance, yana juya shi kamar yadda yake juya kuɗin masu ajiya. Bambancinsa ɗaya ne: idan asara ta zo, shi take fara ci. A ɗauka banki ya ba da rancen naira ɗari, casa'in na masu ajiya, goma ta masu bankin. Idan naira takwas ta maƙale a hannun masu bashi, masu bankin ne suka yi asara, mai ajiya bai ma san an yi ba. Idan kuwa naira biyar kacal masu bankin suka zuba, to ragowar ukun daga aljihun malamin makaranta da ɗan fansho da mai sayar da hatsi za ta fito. Malaman fiƙihu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa mai cin riba shi ke ɗaukar asara. Masu banki suna cin riba da dukiyar mutane, me zai hana a ce su ajiye tasu a gaba?

Suna kuma cewa biliyan 25 da aka tsayar a zamanin gwamnan Babban Banki Charles Soludo ta wadatar. A 2005 dala tana wajen naira 130, wato jarin ya kai kimanin dala miliyan 190. Bayan sakin naira a Yunin 2023 dala ta haura naira 1,500, sai wannan jarin ya koma ƙasa da dala miliyan 20. Ba bankin da zai ɗauki nauyin matatar mai ko tashar lantarki da irin wannan.

Inda maganarsu ke da ɗan nauyi shi ne ƙin lissafa ribar da bankuna suka tara ba su raba ba. Babban Banki ya ce kuɗin hannun jarin da aka biya da rarar da aka samu wajen sayar da shi kaɗai za a ƙirga. Gaskiya ne ribar da aka adana mallakar masu hannun jari ce, kuma ƙa'idojin bankuna na duniya na Basel sun amince da ita cikin jari mai ƙarfi. Amma a duba daga ina ribar 2023 ta fito. Kaso mai yawa nata ya samu ne domin dalolin da bankuna ke riƙe da su sun ƙara daraja a takarda lokacin da naira ta faɗi, ba domin ciniki ya haɓaka ba. Shi ya sa tun Satumbar 2023 Babban Banki ya hana su raba wannan riba ko kashe ta a harkokin yau da kullum. Da an yarda a ƙirga ta, da manyan bankuna sun cika sharaɗi ba tare da kobo ɗaya sabo ya shigo ba. Ba a kuma zubar da ita ba, tana nan cikin lissafin ƙarfin jari, inda ake bukatar kashi 15 cikin ɗari ga bankunan ƙasa da ƙasa, kashi 10 ga na cikin gida.

Hujjar da suka fi tinƙaho da ita ita ce tarihi. Suna cewa an matse bankuna 89 suka koma 25 a 2005, amma shekara huɗu kacal sai ga gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, yana sallamar shugabannin bankuna biyar a Agustan 2009, ana zuba jimillar naira biliyan 620 a shekarar domin ceton bankuna, a 2010 kuma aka kafa hukumar AMCON ta sayi ruɓaɓɓen bashi. To ina amfanin jarin? Wannan tarihi a kansu yake komawa. Abin da binciken 2009 ya tono shi ne wani ɓangare na jarin na bogi ne: banki ya ranta wa mutum kuɗi ya sayi hannun jarin bankin da kansa, daraktoci suna ɗibar rance ba jingina, ana caca da ajiyar jama'a a kasuwar hannun jari. Kuɗin masu ajiya ne aka sauya wa riga aka kira shi jari. Maganin wannan shi ne a binciki asalin kowace naira da aka kawo, a hukunta mai ha'inci. Wanda ya ga an yi algus a awo ba ya cewa a fasa mudu. Idan kuwa wani na ganin jari maras ƙarfi ba ya cutar da kowa, ya tambayi masu ajiya a bankin Heritage, wanda aka soke lasisinsa ranar 3 ga Yuni 2024. Hukumar inshorar ajiya ta NDIC naira miliyan 5 take biya, mai abin da ya haura haka sai ya jira a sayar da kadarorin bankin.

Saura maganar da ta fi taɓa mu, cewa irin wannan tsari ne ya haɗiye Bank of the North cikin bankin Unity a 2006, kuma zai sake barin Arewa ba banki. Zafin wannan rashi na gaskiya ne, ni ma ina jinsa. Sai dai bashin da aka ci ba a biya ba ya riga ya raunana wancan banki kafin dokar Soludo ta iso. Tsarin 2024 kuma ya bar ƙofa a buɗe, domin lasisin shiyya biliyan 50 ne, na bankin Musulunci na shiyya biliyan 10. Bankin Musulunci na Jaiz, da ya fara aiki a 2012, ya nuna cewa za a iya. Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri ba su rasa attajiran da za su haɗa wannan kuɗi ba. Ina kira gare su da su daina kukan an ware mu, su fito da dukiyarsu su sayi hannun jari, su zauna a kujerun daraktoci, kuma idan sun ci bashin bankin su biya.