Masu Shaidar Zur a Kan Littattafai

A garuruwan Nijar, daga Dogonduci har Damagaram, littafi ba safai yake zuwa hannun mutum ta kanti ba. Kantunan littattafai kaɗan ne, galibinsu a Yamai suke, abin da ke cikinsu kuwa Faransanci ne mai tsada. Ɗakunan karatu na jama'a ma ba su kai ko'ina ba. Hanyar da littafi ya saba bi ita ce bakin aboki da hannun aboki: wani ya karanta, ya ji daɗi, ya gaya wa wani, ya ba shi aro. Saboda haka maganar da mutum ya yi wa abokinsa a kan littafi shaida ce, gama a kanta ne abokin zai kashe kuɗinsa da dararensa. Abin baƙin ciki, waɗanda suka fi kowa yin shaidar zur a wannan sha'ani su ne waɗanda suka fi kowa daɗewa a lakkwal.

A je fadar ma'aikata bayan la'asar, sa'ad da ake jiran shayi na biyu, a tambayi ɗaya daga cikinsu, "Mushe, me kake karantawa a kwanakin nan?" Da wuya ya ce ba ya karanta kome, ko da yake ita ce gaskiyar. Sai ya gyara zama, ya kawo sunan L'Enfant noir na Camara Laye, wanda ya karanta shafi uku nasa a kwaleji shekara ashirin da suka wuce domin jarrabawa. Ko ya kawo Sarraounia na Abdoulaye Mamani, littafin da ya fito a 1980 a kan Sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Faransawa a 1899, alhali abin da ya sani a kansa bai wuce fim ɗin da Med Hondo ya yi a 1986 ba. In kuwa yana so ya nuna bai yar da harshen uwarsa ba, sai ya ce Magana Jari Ce, ya girgiza kai, ya ce ai rubutun Hausa ya mutu tare da Abubakar Imam. To, a tambaye shi wane ne Fasih a littafi na uku. Ramin ƙarya ƙurarre ne; nan take zai tuna shayi ya yi sanyi.

Waɗannan littattafai ba su da laifi, kowannensu ya cancanci yabo. Laifin yana wurin mai ambaton su. An tambaye shi abin da ke hannunsa yau, ya kawo sunayen da ke ba shi girma. Saurayin da ya tambaye shi bai tashi da kome ba, sai dai ya koyi cewa karatu ado ne na baki.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma shi wannan mutum da bai buɗe littafi ba tun da ya karɓi takardar shaidarsa, shi ne alƙalin littattafan da matarsa da ƙannensa mata ke karantawa. Ya gan su a ƙarƙashin matashi, ƙanana, takardarsu mai arha, da hoton budurwa a bango, sai ya yanke hukunci: shirme ne, soyayya ce, lalata tarbiyya ce. Ko shafin farko bai duba ba.

Ya kamata a faɗi tarihin waɗannan littattafai, tun da masu zarginsu ba su san shi ba. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wadda ake lissafta ta mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa. Cikin shekarun da suka biyo baya tattalin arzikin Nijeriya ya durƙushe, manyan kamfanoni suka ja da baya, sai matasa a Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu suna kai wa 'yan kasuwa. Ba wata hukuma da ta yi musu talla, ba makarantar da ta sa su cikin manhaja a farkon lamarin. Duk da haka suka ƙetare iyaka, ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Daura zuwa Matamai da Damagaram, cikin kayan fatake. Wa ya yaɗa su? Mata ne. Wannan ta karanta ta aika wa ƙawarta ta hannun yarinya mai talla, da saƙon, "Yaya ta ce ki gama kafin Juma'a, akwai mai jira." Waccan ta karanta wa kishiyarta da ba ta yi boko ba, da dare bayan an kwantar da yara. Kwafi ɗaya ya zaga unguwa har bangonsa ya fita a ɗinke shi da zare. A ƙasar da manyan da suka iya karatu ba su kai rabi ba, wannan aiki ne da ya kamata a tuɓe masa hula. Matan nan sun riƙe al'adar da mazan fada suka saki: ba sa yabon littafi sai sun karanta shi, in kuma bai yi daɗi ba sukan faɗa ba kunya.

Ga misali ɗaya da ya isa ya kunyata masu hukunci. Duk wanda ya yi lise ya san Une si longue lettre na Mariama Ba ta Senegal, wanda ya fito a 1979 ya ci lambar Noma a 1980. Labarin Ramatoulaye ne, wadda mijinta ya auri ƙawar 'yarsu ya bar ta da 'ya'ya 12. Mushe yakan yabi wannan littafi har da lumshe ido, ya ce ya tona halin da matan Afirka ke ciki. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a Kano. Labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya 9, wadda mijinta, ɗan kasuwa, ya yi amarya ya kore ta, ta shiga sayar da abinci tana ciyar da yaran tana biya musu makaranta. Ciwo ɗaya ne, kuka ɗaya ne. Bambancin kawai, ɗaya da Faransanci aka rubuta shi a Dakar, ɗaya kuwa da harshen da mushe ke yi wa matarsa faɗa da shi. Na farko adabi ne a wurinsa, na biyu shirmen mata. A 2012 wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga fassarar littafin Balaraba da Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi. Watau mai karatu a Indiya ya san Rabi, malamin makaranta a Maraɗi bai san ta ba, ga ta kuwa a ɗakin matarsa. Ita wannan marubuciya tana da Wa Zai Auri Jahila?, a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu ta koma karatu. Shin akwai maganar da ta fi wannan dacewa da ƙauyukan Tawa da Maraɗi, inda har yanzu ake aurar da 'yan mata da yawa tun ba su gama firamare ba? Mai wa'azin ilimin 'ya mace a taron ma'aikata ya rasa littafin da zai miƙa wa iyaye, domin bai yarda ya karanta shi ba.

Sukan ce marubutan Kano kwaikwayon finafinan Indiya suke yi. Wasu lalle sun yi. Amma mai wannan zargi ya manta inda littattafan da yake girmamawa suka fito. A 1933, sa'ad da Rupert East na ofishin fassara ya shirya gasar da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, sai da ya sha wahalar shawo kan malamai, gama a ganinsu ƙaga labari aikin mata da yara ne, bai dace da mai ilimi ba. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 a lokacin. Magana Jari Ce kuwa, da ya fito a ƙarshen shekarun 1930, cike yake da labaran da aka ɗauko daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus, aka sa musu rigar Hausa. Ba wanda ya ce Imam ya yi laifi, gama ya iya ɗinkin. Ashe abin tambaya a kan kowane littafi shi ne ko marubucin ya iya ɗinkin, wannan kuwa ba a sanin sa daga hoton bango.

Ba a ce duk littattafan nan na kirki ne ba. Akwai marasa kan gado da yawa. Akwai waɗanda aka yayyanka kashi huɗu don a tatsi mai saye, akwai masu kurakuran rubutu a kowane layi, akwai masu koya wa yarinya cewa arziki shi ne miji mai mota. Yanzu da labaran suka koma cikin waya, ana tura su ta WhatsApp ana sauraronsu a YouTube, har da na batsa tsagwaronta suna yawo, ba mai tace su. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ake bukatar aboki mai karatu. Uban da ya karanta littafi biyar daga cikinsu yana iya ce wa 'yarsa, "Wannan ki karanta, wancan ki bar shi, ga dalili," ta kuwa ji, domin ta ga ya sani. Uban da ya haɗa su duka ya la'anta, ya koya mata ɓoyo ne kawai. A 2007 gwamnatin Jihar Kano ta tara irin waɗannan littattafai da aka karɓe a hannun 'yan makaranta ta cinna musu wuta a gaban jama'a. Wuta ba ta karatu, ba ta san na kirki da na banza ba. Marubuta kuma ba su daina ba. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta gajerun labaran mata, ana kuwa shiga.

Akwai uzurin da ma'aikatan Nijar suka fi fakewa da shi: wai su ba su iya karatun Hausa ba, da Faransanci aka koyar da su. Gaskiya ne lakkwal ta saba musu da rubuta tchiwo a maimakon ciwo, chayi a maimakon shayi, koudi a maimakon kuɗi. Amma duka bambancin bai wuce 'yan haruffa ba, da ƙugiyoyin nan na ɓ da ɗ da ƙ. Yarinyar da aka cire daga aji shida ta koye shi ita kaɗai cikin mako guda domin tana so ta san ƙarshen labari. Mutumin da ya haddace dokokin nahawun Faransanci ya ce wannan ya fi ƙarfinsa? Ba rashin iyawa ba ne, raini ne. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma sabuwar dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. An yi murna a fada, an tafa. Amma doka ba ta sa littafi a hannun yaro. In ɗalibi ya zo gobe ya ce, "Mushe, wane littafin Hausa zan fara da shi?" sai an sami wanda ya karanta zai amsa masa.

Shaida ta gaskiya a kan littafi ba ta da wuya. Mutum ya faɗi sunan littafin da na mai shi, ya faɗi a kan me yake magana ba tare da ya tona ƙarshensa ba, ya faɗi inda ya ja shi da inda ya gundure shi, ya faɗi wanda ya dace da shi, gama littafin da ya dace da gwauruwa ba lalle ya dace da ɗan shekara 12 ba. In rabi ya karanta, ya ce rabi ya karanta. In ji ya yi a bakin wani, ya ce ji ya yi, gani ya kori ji. In kuwa shekara ta zagayo bai buɗe kome ba, ya faɗa, a ba shi aro. Ba a taɓa korar kowa daga fada saboda haka ba.

Maganar aro ma tana da nata ɓarayin. Akwai wanda ke karɓar littafi ya jera shi a kabad ɗin falo don baƙi su gani, mai shi ya yi ta sintiri har ya gaji. Irin wannan ne ya sa masu littattafai kaɗan da ke gari suka koma kulle su a akwati, suna cewa ba su da shi. Matan unguwa sun daɗe da maganin wannan: ranar mayarwa ake faɗa tun ranar bayarwa, wadda ta saɓa kuwa ba ta ƙara gani.

Saura samun littafin. Direbobin da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Kano suna ɗauko wa mutane atamfa da kayan babur da magani, ba wanda zai ƙi ɗauko littafi in an rubuta masa sunansa a takarda. Fada mai mutum goma da ke haɗa kuɗin shayi da sukari kowane mako tana iya haɗa na littafi ɗaya kowane wata, a rubuta sunayen masu jira a bangon baya, na farko ya karanta ya ba da labari, na biyu ya zo ya ƙaryata shi in ya ga dama. Kafin a kai ga haka, mushe yana iya farawa da wanda ke ƙarƙashin matashin matarsa, in ta yarda ta ba shi aro.