Mun ƙi zuwa shaida, sannan muna zagin alƙali

Duk wanda ya taɓa zama a majalisa a Azare ya san wannan hirar. An kama ɓarawon babur a kasuwa, rana tsaka, bayan wata uku sai ga shi yana yawo a gari. Nan take majalisa ta yanke hukunci: an ci kuɗi. Ba mu ce ba a cin kuɗi ba. Amma kafin mu ɗora wa alƙali da lauya, mu tambayi kanmu: cikin jama'ar da ta taru ranar da aka kama shi, mutum nawa ne ya je kotu ya ce "na gani da idona"?

Alƙali ba ya kasuwa ranar. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatarwar ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba. A kotun majistare ko Babbar Kotu, "an ce" da "kowa ya sani" ba hujja ba ne. Wanda ya gani shi ake nema, shi kuwa ya rufe shago ya ce ba ya gari.

Sai mu ce ai ya amsa laifinsa. A hannun wa ya amsa? Idan 'yan sintiri sun jibge shi kafin a kai shi ofishin 'yan sanda, ko an matsa masa a can, lauyansa zai tashi ya ce da duka aka karɓi maganar. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana kotu karɓar ikirarin da aka samu ta hanyar azabtarwa. Dukan da muka yi don huce haushi shi ke buɗe masa ƙofa. Haka bidiyon da ya zagaye WhatsApp: sashe na 84 yana son bayani kan na'urar da ta ɗauka da yadda aka fitar da shi. Wa ya ɗauka? Shiru.

Mun san abin da ke korar mutane, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Mutum ya taso daga Chinade ko Madara da kuɗin motarsa, ya wuni a benci, a ce an ɗage. Ya dawo, lauya ya yi ta juya shi da tambayoyi a gaban jama'a kamar shi ya yi satar. Da dare kuma ga dattijon unguwa ya zo roƙo, don yaron ɗan wane ne. Sai dai gudun nan ba mai laifi kaɗai yake shafa ba. Wanda aka kama bisa kuskure ma yana can gidan gyaran hali yana jiran shari'ar da ta ƙi motsi, saboda shaidu ba su zo ba.

Muna da 'ya'ya da ke karatun lauya a Misau, wasu sun wuce makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda ko Bwari. Cikin shekarar da suke yi a can, akan tura su kotuna da ofisoshin lauyoyi su koyi aiki, kuma suna ganin yadda ƙara ke rushewa don rashin mutum ɗaya. Mu ba su fili a tarukanmu, da Hausa, su nuna wa jama'a yadda ake tsayawa a ba da shaida, da irin tambayoyin da za a fuskanta. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na 'yan acaɓa kuma su ware wani abu daga asusunsu don kuɗin motar ɗansu da aka aiko wa sammacin shaida, a samu mutum biyu su raka shi ranar zaman kotu.